Darasi na Bakwai: Tantance Sabuwar Buɗaɗɗiyar Manhaja Kafin a Ɗora Mata Kasuwanci

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ku iya:

1. bayyana abin da ake nufi da buɗaɗɗiyar manhaja;
2. gane manhajar da ba ta gama kafuwa ba;
3. bincika waɗanda ke riƙe da manhajar da irin lasisin da ke kanta;
4. lissafa abin da manhajar kyauta za ta ci muku a shekara;
5. gwada ta ba tare da kun jefa dukiyarku cikin haɗari ba.

1. Inda maganar ta taso

Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake lodin rake ranar kasuwar Makarfi ya san rabin cinikin a littafi yake: dami nawa wane ya kawo, nawa aka ba shi kafin alƙalami, nawa ya rage a hannun direban da ya tafi da kaya Kano. Haka abin yake wurin dillalan tumatir na Ikara da masu mazarƙwaila na ƙasar Kudan. Littafi kuwa yakan jiƙe, yakan ɓace, wani lokaci ma yaron da ya yi rubutun ya kasa karanta hannunsa. Shi ya sa idan ɗa ko ƙane ya dawo hutu daga Jami'ar Ahmadu Bello ko Kwalejin Nuhu Bamalli ya ce, "Baba, akwai wata manhaja ta kyauta da za ta riƙe maka duk wannan lissafi a waya," maganar takan shiga kunne.

Sau da yawa yaron gaskiya ya faɗa. Sai dai wasu daga cikin manhajojin nan bara ko bana aka fara rubuta su, kuma mai shago ba shi da wanda zai riƙe idan lissafinsa ya salwanta. Wannan darasi zai koya muku tambayoyin da za ku yi kafin ku amince, ko da ba ku iya rubuta manhaja ba.

2. Mece ce buɗaɗɗiyar manhaja?

Kowace manhaja rubutu ce da wani ya yi da yaren kwamfuta. Kamfanoni da yawa suna ɓoye wannan rubutu, su ba ku abin da aka gama kawai. Wasu mutane kuma sukan baje nasu a fili, kowa ya karanta, ya kwafa, ya gyara.

> Akwati na 1: Muhimman kalmomi
> Manhaja: tsarin umarni da ke sa waya ko kwamfuta yin wani aiki.
> Rubutun tushe: ainihin rubutun da aka gina manhaja da shi.
> Buɗaɗɗiyar manhaja: wadda rubutun tushenta ke fili, kuma aka ba kowa izinin amfani da ita, gyara ta da rarraba ta.
> Mai kula: wanda ke karɓar ƙorafi, yana gyara kurakurai, yana fitar da sabon zubi.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a rayuwarku. Wayar Android da ke aljihunku an gina ta ne a kan Linux, wanda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara a 1991. Rahoton wata-wata na asibitocin gwamnati a Najeriya yana shiga wata buɗaɗɗiyar manhaja mai suna DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ke jagoranta. Ma'aikatan rigakafin shan-inna da kuka gani suna latsa waya a ƙofar gidajenku, da yawansu da ODK suke cike fom, ita kuma an fara ta a Jami'ar Washington ta Amurka a 2008. Waɗannan duka sun daɗe, kuma akwai manyan cibiyoyi a bayansu. Maganarmu ta yau a kan ƙannensu ce, waɗanda ba su kai nan ba.

3. Alamun manhajar da ba ta gama kafuwa ba

Masu rubuta manhaja suna ba kowane zubi lamba. A al'adar da mafi yawansu ke bi, lambar da ta fara da sifili, kamar 0.3 ko 0.8, tana nufin, "Muna kan gini, komai na iya canzawa." Idan ta kai 1.0, masu ita sun yarda ta tsaya da ƙafarta. Shi kansa Linux ya fito da lambar 0.01 a Satumba 1991, bai kai 1.0 ba sai Maris 1994. Kalmomin alfa da beta da ake liƙawa a jikin suna su ma gargaɗi ne cewa gwaji ake yi.

Lamba kaɗai ba ta yanke hukunci. Ku haɗa ta da wasu alamu: babu littafin koyon amfani da ita, babu wani ɗan kasuwa da za a nuna muku yana aiki da ita, kuma duk sabon zubi sai an sake shigar da bayanai daga farko.

4. Su wa ke riƙe da ita?

Wannan ita ce tambaya mafi nauyi a darasin nan, don haka za mu ɗan daɗe a kanta.

Mafi yawan buɗaɗɗun manhajoji suna zaune ne a wani dandali mai suna GitHub, wanda kamfanin Microsoft ya saya a 2018. A shafin kowace manhaja ana ganin sunayen waɗanda suka sa hannu a rubutunta, ranar da aka yi gyara na ƙarshe, da duk ƙorafin da masu amfani suka kai. Ba sai kun iya Turanci sosai ba. Ku zaunar da wanda ya kawo muku manhajar, ya buɗe shafin a gabanku, ku sa shi ya karanta muku amsar waɗannan:

Mutum nawa ne suka yi gyara a watanni shida da suka wuce? Idan mutum ɗaya ne, to ranar da ya sami aiki a Abuja, ko ya tafi bautar ƙasa, ko rashin lafiya ta kwantar da shi, manhajar ta tsaya ke nan. Wannan ba zargi ba ne. Yawancinsu aikin sa-kai suke yi da dare, bayan sun taso daga inda ake biyansu.

Idan an kai ƙorafi, ana amsawa? Yawan ƙorafi ba aibu ba ne, alama ce ma cewa ana amfani da abin. Abin tsoro shi ne a ga wani ya rubuta tun bara cewa lissafinsa ya ɓace, har yau babu wanda ya ce masa uffan.

Da me masu kula ke ci? Wata jami'a ce ke biyansu, ko gidauniya, ko kamfanin da ke sayar da hidimar girkawa da gyara? Manhajar da ke ciyar da mai ita ta fi wuyar mutuwa.

A shafin akwai taurari da mutane ke dannawa don nuna sha'awa. Matasa na son ambaton yawansu. Ni dai ban ba su nauyi, domin mutum na iya danna tauraro bai taɓa girka manhajar ba, har ma akwai masu sayen taurarin da kuɗi.

Wani abu da ya faru a 2024 ya nuna hatsarin barin kaya a wuyan mutum ɗaya. Akwai wata ƙaramar manhaja mai suna xz da ke matse fayiloli, tana cikin kwamfutoci masu ɗimbin yawa a duniya. Shekara da shekaru mutum ɗaya, Lasse Collin, ke ɗauke da ita a matsayin aikin sa-kai, har ya bayyana cewa ya gaji. Sai wani da ke kiran kansa Jia Tan ya shigo da sunan taimako. Ya yi kusan shekara biyu yana aiki mai kyau har aka yarda da shi, sannan ya cusa wata ɓoyayyiyar ƙofa da za ta ba shi damar shiga kwamfutocin mutane. A ƙarshen Maris 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya lura kwamfutarsa na ɗan jinkiri, ya bi diddigi, ya tona asirin kafin abin ya bazu. Ku lura da abu biyu. An gano makircin ne domin rubutun a buɗe yake. An kuma sami damar ƙulla shi ne domin mai kula ɗaya ne, kuma ya gaji. Idan haka ta faru da manhajar da duniya ke amfani da ita, ina ga wadda mutum ashirin kaɗai suka sani?

5. Lasisi

> Akwati na 2
> Lasisi: takardar da ke faɗin abin da aka yarda ku yi da manhaja da abin da aka hana.
> Reshe: sabuwar manhaja da wasu suka ɓalle suka ci gaba da ginawa daga rubutun tushen wata.

Sunaye kaɗan za ku riƙe. Lasisin MIT da na Apache suna ba ku damar yin kusan duk abin da kuke so, har sayarwa, muddin kun bar sunan masu ita da takardar lasisin a ciki. Lasisin GPL ya yarda ku yi kasuwanci da manhajar, amma idan kun gyara ta kuka rarraba wa wasu, wajibi ne ku ba su rubutun tushen gyaranku. Mai shagon da ke amfani da ita a shagonsa kawai, wannan sharaɗi bai shafe shi ba. Idan kuwa babu lasisi sam, to ba a ba ku izini ba, ko da rubutun yana fili.

Akwai wata magana da ke cikin dukansu, wadda ya kamata ɗan kasuwa ya ji da kyau: an ba ku manhajar yadda take, babu garanti. Idan ta ɓata muku lissafi, ba ku da wanda za ku kai ƙara.

Masu manhaja na iya sauya lasisin zubi na gaba. Kamfanin Redis ya yi haka a Maris 2024, sai wasu suka ɗauki tsohon rubutun suka ci gaba da shi da sunan Valkey. Haka LibreOffice, wadda wasu shagunan buga takardu ke amfani da ita, ta ɓalle daga OpenOffice a 2010. Reshe yakan yi rai ne idan akwai jama'a da yawa masu buƙatar abin. Sabuwar manhaja ba ta tara irin wannan jama'a ba tukuna.

6. Bayananku: ina suke, kuma za ku iya fita da su?

Manhaja na iya mutuwa ku sami wata. Abin da ba ya dawowa shi ne lissafin bashin shekara uku. Saboda haka kafin ku shigar da sunan mutum ɗaya, ku sa a nuna muku yadda ake fitar da duk bayanan zuwa fayil ɗin da Excel ko LibreOffice za su buɗe. Kada ku karɓi "ai ana iyawa". A yi a gabanku, ku ga sunaye da lambobi a jere da idonku.

Sai maganar sabis. Wanda ke karɓar kwandunan tumatir a bakin fadama, nesa da titi, ba kullum yake samun intanet ba. Ku kashe data ku gwada: tana karɓar rubutu ta ajiye har sabis ya dawo, ko tsayawa take yi? Ku gwada ta kuma a ƙaramar waya irin ta yaran shago, kada a tsaya a babbar wayar wanda ya kawo ta.

Sunaye da lambobin wayar abokan ciniki amana ce. Tun Yuni 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ɗora wa mai tara bayanan mutane nauyin tsare su. Ku tambaya: a wayar bayanan suke ko a wata kwamfuta a intanet? Wa ke riƙe da kalmar sirri? Idan yaron da ya girka ta ne kaɗai ya san ta, ku karɓa yau, idan ƙungiya ce shugaba da ma'aji su ma su sani.

7. Nawa kyauta ke ci?

Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Ba a sayar muku da manhajar ba, amma girka ta da riƙe ta suna cin kuɗi.

*Misali na 1.* A ce wata ƙungiyar manoman tumatir a Ikara, mai mutum 40, tana son manhajar rubuta zubi da rancen taki. Alƙaluman nan na koyo ne kawai, ku sa na gaskiya idan kun tashi yin naku.

Girkawa da shigar da tsohon lissafi: N60,000
Hayar wurin ajiya a intanet: N8,000 × 12 = N96,000
Data: N3,000 × 12 = N36,000
Koya wa sakatare da ma'aji: N20,000
Ladan mai gyara: N10,000 × 12 = N120,000
Jimla a shekarar farko: N332,000

Idan aka raba wa mutum 40, kowa zai ba da N8,300. Yanzu ƙungiya na da abin da za ta auna: shin rigimar lissafi da kuɗin da ke zurarewa a shekara sun kai haka? Idan sun wuce, manhajar ta biya kanta. Idan ba su kai ba, littafi mai kyau da kwafinsa a hannun mutum biyu ya wadatar. Ku lura layi mafi tsada shi ne ladan mai gyara, kuma shi ne wanda mutane suka fi mantawa. A sabuwar manhaja wannan layi yakan ƙaru, domin tangarɗarta ta fi yawa kuma waɗanda suka san ta kaɗan ne. Ku tambaya ko akwai mutum na biyu a Zariya ko Kano da zai iya karɓar aikin idan na farko ba ya nan.

8. Gwaji

Manomin da aka kawo wa sabon iri ba ya shuke gonarsa duka da shi. Yakan ware kunya biyu a gefe ya ga yadda zai yi da ƙasarsa. Haka za ku yi.

Ku zaɓi lokacin da kasuwa ta lafa, kada ku fara a tsakiyar kakar tumatir ko lokacin saran rake. Ku ɗauki abokan ciniki goma kawai. Ku ci gaba da rubutu a littafi, kuna kuma shigarwa a waya, har wata uku. Duk Juma'a ku gwama jimlar biyun. Idan sun saɓa, ku nemo dalili kafin ku ci gaba: hannu ne ya yi kuskure ko manhaja?

A cikin watannin nan ku yi gwaji ɗaya da mutane ke ƙyuyar yi. Ku ɗauka wayar ta faɗa rijiya. Ku ari wata, ku girka manhajar, ku dawo da bayananku daga kwafin ajiya. Idan sun dawo cif, madalla. Idan ba su dawo ba, kun gane haka da lissafin mutum goma, littafinku kuma yana nan.

Ku kuma aika wa masu kula tambaya ɗaya cikin ladabi, ku ga kwana nawa za a yi kafin amsa.

*Misali na 2.* A ce wani dillalin rake a Hunkuyi yana da manhajoji biyu a gabansa.

Ta farko kyakkyawa ce a ido, har da Hausa a cikinta. Lambarta 0.4, taurarinta 900, mutum ɗaya ke rubuta ta, gyara na ƙarshe wata tara da suka wuce. Ba ta fitar da bayanai, ba ta aiki sai da intanet.

Ta biyu ba ta da ado, taurarinta 120, lambarta 0.9. Mutum biyar ke gyara ta, ana amsa ƙorafi cikin mako, lasisinta MIT, tana aiki babu sabis, tana fitar da fayil ɗin da Excel ke buɗewa. An kuma ba shi lambar wata ƙungiya da ke amfani da ita, ya kira ya ji daga bakinsu.

Hukunci: ta farko ba ta dace da lissafin kuɗi ba, kuma rashin hanyar fita da bayanai kaɗai ya isa a ajiye ta. Ta biyu ta cancanci gwajin wata uku tare da littafi. Ba a ce ya jefar da littafin ba tukuna.

Nauyin aikin shi ke nuna yawan binciken da za a yi. Manhajar zana rasit ko tura wa manoma farashin yau, idan ta mutu gobe asararku kaɗan ce, kuna iya gwada sabuwa ba fargaba. Manhajar bashi, albashi ko kuɗin adashin mata kuwa, ku nemi wadda ta daɗe. Akwai irinsu: Odoo da ERPNext don lissafin shago da kaya, Mifos don ƙungiyoyin bayar da rance.

Kada wannan darasi ya sa ku raina aikin yaranmu. Segun Adebayo, ɗan Najeriya, ya fara Chakra UI a 2019, yau masu gina shafukan intanet a ƙasashe da dama suna aiki da ita. Idan wani matashi daga Paki ko Likoro ya rubuta manhajar lissafin rake, ya fi baƙo sanin abin da ake kira la'ada da kafin alƙalami. Ku gwada tasa bisa ƙa'idojin nan, ku gaya masa kurakuran da kuka gani, ku biya shi ladan aikinsa, ku kuma matsa masa ya jawo abokin aiki na biyu.

Tambayoyin bita

1. Da kalmominku, mene ne bambancin buɗaɗɗiyar manhaja da wadda aka ɓoye rubutun tushenta?
2. Me lambar zubi 0.6 ke gaya muku?
3. Ku kawo dalilai biyu da suka sa manhajar da mutum ɗaya ke kula da ita ke da haɗari. Me labarin xz ya ƙara muku a kan haka?
4. Mai shagon magani a Makarfi yana amfani da manhaja mai lasisin GPL a shagonsa kaɗai. Wajibi ne ya bayyana gyaran da ya yi mata? Don me?
5. A misali na 1, idan ladan mai gyara ya koma N15,000 a wata, nawa jimlar za ta zama, kuma nawa kowane mutum zai biya?
6. Wata uwar adashi a Kudan tana riƙe da zubin mata 30. An kawo mata sabuwar manhaja da ba ta fitar da bayanai. Wace shawara za ku ba ta?
7. Don me ake ci gaba da rubutu a littafi lokacin gwaji?

Aikin gida

Ku zaɓi manhaja ɗaya da ku ko wani na kusa da ku ke amfani da ita a sana'a. Ku gano wanda ya yi ta, ko buɗaɗɗiya ce, da ranar da aka sabunta ta na ƙarshe. Sannan ku gwada fitar da bayananku daga cikinta. Ku zo aji mako mai zuwa da wayar da abin da kuka rubuta, kowa zai nuna wa 'yan'uwansa ko bayanansa sun fito.